Teriyaki ta kwalba ko haɗin hannu: amsar tambayar amaryarmu

Amarya, tsakanin miyar teriyaki (miyar nan ta Japanawa mai zaƙi da gishiri da ake gasa ko soya nama da ita) ta kwalba da kika gani a kanti da wadda ake haɗawa a gida, ki ɗauki ta gida. Ki bar waccan a kan kantarta, kuɗin ki sa shi a kwalbar soya sos, wato baƙin ruwan nan mai gishiri da ake yi da waken suya, mai kyau guda ɗaya, domin ragowar kayan haɗin duk suna cikin kicin ɗinki yanzu haka. Na ga wasu 'yan'uwa a zauren nan sun ce miki ta kwalba ta fi sauri ga mai dawowa daga aiki gab da magariba. Saurin da ta fi shi ne na buɗe murfi, daga nan kuma sai wahala.

Ina da ta kwalbar, ba zan kama suna ba, tana nan a ƙofar firij ta ƙi ƙarewa. Abin da zan iya yaba mata shi ne ba ta saurin lalacewa. Iri biyu ake kawo mana. Akwai mai ruwa tsululu, ta jiƙa nama ce kafin a gasa, in kika zuba ta a kasko sai naman ya koma dafaffe yana iyo a baƙin ruwa. Akwai mai kauri, wadda sukari da sitaci suka yi mata yawa, tana taɓa kasko mai zafi take kamawa ta yi ɗaci tun naman bai nuna ba. Kuma duk biyun gishirinsu da zaƙinsu an riga an yanke miki, ba ki da ta cewa.

Babban abin da ya raba ni da ita ma ba ɗanɗano ba ne. A Japan, inda girkin ya fito, abu huɗu ake haɗawa: soya sos, sukari, mirin da sake. Sake giyar shinkafa ce, mirin kuwa 'yar'uwarta ce mai zaƙi, na asalin yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100. Shi ya sa kwalabe da yawa in kika juya bayansu za ki ga an rubuta wine ko sake ko mirin ko alcohol cikin jerin kayan haɗi, na wajen Nijar masu rubutun Faransanci kuma vin. Masu cewa ai wuta tana ƙone shi, suyar minti 5 ba ta ƙone shi duka. Akwai kwalaben da ba su da shi, har da masu tambarin halal na Malesiya ko Indunusiya, amma sai kin tsaya kin karanta, kuma ba kullum ake samun su ba.

Kada kuma wani ya ce miki in babu mirin ba teriyaki kika yi ba. Japanawa kifi da kaza suka fi yi wa wannan girki, a gasa ana shafa miyar har ta yi sheƙi, babu tafarnuwa babu tarin ganye. Wannan na naman sa da kayan lambu a kasko, mai citta da tafarnuwa, wani lokaci da ruwan abarba, salon Amurka ne. Japanawan da suka yi ƙaura zuwa tsibiran Hawai na Amurka su suka fara sassauya shi da abin da suka tarar a can. Kamfanin Kikkoman ya fitar da miyar a kwalba a 1961 saboda kasuwar Amurka, daga 1976 kuma shagunan teriyaki suka fara yaɗuwa a birnin Siyatil na Amurka. Tun kafin ya iso gare mu an riga an taɓa shi ta ko'ina, don haka ki taɓa naki da zuciya ɗaya.

Ga yadda nake haɗa tawa, ta rabin kilo na nama. Soya sos babban cokali 4, ruwa cokali 4, mazarƙwaila da aka kankare cokali 2, zuma cokali 1, ruwan khal ƙaramin cokali 1, ɗanyar citta kamar ɗan yatsa a goge, tafarnuwa ƙwara 3 a daka, sai konfulawa ƙaramin cokali 2. Konfulawa nake nufi, farar nan mai santsi ta gwangwani ko leda, ba garin masarar tuwo ba. In babu, sitacin rogo yana yi. A kofi ɗaya ake juya su duka, kafin ruwan shinkafa ya tafasa kin gama. Mazarƙwailar nan ita ce abin da nake alfahari da shi. Masu girkin waje jan sukari suke sawa, wanda a kanti ake tsawwala masa kuɗi, alhali tamu ta rake ta fi shi ƙamshi, tana ba miyar wani ɗan ƙauri mai daɗi da launi mai duhu. Sai dai ki narka ta a ruwan ɗumi ki tace, don wata tana zuwa da yashi. In kina son ɗan zaƙin 'ya'yan itace da mirin ke bayarwa, ki sa ruwan tuffa na kwali a madadin ruwan.

Maggi ko gishiri kada ki kusance su. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da sodiyam wajen miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya kai miligiram 2000 a yini. In akwai mai hawan jini a gidan, ki rage zuwa cokali 3 ki ƙara citta da lemun tsami. Wannan ragin da ƙarin shi ne abin da kwalba ba za ta taɓa ba ki dama ki yi ba.

To amma gaskiyar magana, ba miyar ce ke kayar da mutane a girkin nan ba, naman ne. Bidiyon da kike gani a waya naman da suke yanka na shanun da aka tsare aka ciyar ne, aka kuma rataye shi kwanaki a sanyi har ya saki. Namu na shanun da suka sha tafiya ne, an yanka da safe an kawo miki da rana, tsokar a ɗaure take. In kika jefa shi kasko kamar yadda suka yi, za ki tauna har muƙamuƙi ya gaji. Ki ce wa mahauci tsoka zalla kike so, ta jikin gadon baya mai laushi, in babu ya ba ki ta cinya marar jijiya. Ki sa ta a firiza kamar minti 30 ta ɗan daskare, sannan ki duba inda zaren naman ya miƙa ki yanka a gicciye, falle-falle, kada kaurin ya wuce na takardar kwalin sabulu ninki biyu. In wutar NEPA ta ƙi, ko wuƙarki ba ta ci, ki roƙi mai tsiren unguwarku ya fere miki. Hannunsu ya saba, abin da zai ɗauke ki rabin awa shi kafin ki gama gaisawa ya gama. Ki dai gaya masa kada ya sa ƙuli ko yaji.

Daga nan ki barbaɗa bekin soda ƙaramin cokali 1, ki cakuɗa, ki bar shi minti 20 zuwa 30, ki ɗauraye sosai, ki tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. Dabarar masu gidajen abincin Sinawa ce, kuma aikin da kanwa ke yi wa wake shi take yi wa nama. Kanwar kanta ban ba ki shawara ba a nan, ɗanɗanonta yana fitowa. Ganyen gwanda da iyayenmu ke naɗe nama da shi shi ma yana yi, haka ɗanyar abarba, amma su biyun in suka daɗe naman dagargajewa yake yi ya zama kamar an tauna an ajiye. Bekin soda ya fi jin magana.

Suyar kanta ba ta kai minti 10 ba, shi ya sa komai ya zama a yanke a gabanki kafin ki kunna wuta: albasa manya-manya, tattasai ja da kore, karas siri-siri, koren wake ko kabeji, abin da firij ya bayar dai. Kasko mafi faɗi da kike da shi za ki ɗora, ki ƙure wutar gas, man gyaɗa cokali 2 har ya fara hayaƙi kaɗan. Ki raba naman gida biyu. Kashin farko ki baza shi, ki cire hannunki minti 1 ya yi ja a ƙasa, ki juya, ki kwashe. Sannan na biyu. Duk wadda ta juye rabin kilo lokaci guda, kaskon zai huce, naman ya fitar da ruwa, suya ta koma farfesu. Bayan nama sai karas da koren wake minti 2, albasa da tattasai minti 1. Ki mayar da naman, ki sake juya miyar a kofi don konfulawar tana kwantawa ƙasa, ki zuba ta gefen kasko. Tana tafasa za ki ga ta yi kauri ta naɗe naman tana ƙyalli, a nan za ki kashe wuta. Lawashi da soyayyen riɗi a sama, farar shinkafa a gefe. Taliya ma tana karɓa.

Wani dare ƙanwar surukina, Gwaggo, ta sauka gidanmu ba zato bayan magariba, ta zo ganin likita washegari. Mace ce da in ba tuwo da miyar kuka ba, abincin dare bai ciwu ba, kuma ta sha faɗa mana cewa girkin 'yan boko ado ne kawai. Babu lokacin tuƙa tuwo, abin da ke hannuna shi ne naman da na riga na fere da wannan haɗin. Na kai mata ina ta ba da haƙuri. Ta ɗauki yanka ɗaya ta jujjuya shi a fitila, ta sa a baki, ta yi shiru. Can sai ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya koya miki sa mazarƙwaila a nama?" Hancinta ya kama ta tun kafin in faɗa. Ta cinye, ta sa aka ƙaro mata shinkafa don ta shafe miyar da ta rage, haƙoranta da take kuka da su ba su hana ta komai ba. Da za ta koma gida sai da ta sa na ɗura mata haɗin a 'yar kwalba, ta ce za ta gwada shi a kan zabuwa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara wajen sayen soya sos ɗin. Na ƙwarai abu huɗu ne a bayansa: waken suya, alkama, gishiri da ruwa, an bar shi watanni ya nuna da kansa. Mai arha kuwa da sinadari ake narka waken cikin 'yan kwanaki, a zuba kalar ƙonannen sukari, in kin ɗanɗana gishiri ne da ɗaci kawai. Ki nemi mai sauƙin launi, ba baƙi ƙirin mai kauri ba, shi wannan na rina abinci ne. Shi ma wanda ya nuna da kansa yakan samu ɗan burbushin barasa daga tsimuwar, don haka in zuciyarki ba ta kwanta ba ki nemi mai tambarin halal, ko ki tambayi malaminki. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba murfin ko an taɓa buɗe shi, ki kuma shafa wajen kwanan watan lalacewa da yatsa: in kika ji wata 'yar takarda an liƙa a kan wata, ko tawadar tana gogewa, ki ajiye ki yi gaba. Masu tallar intanet da ke ɗura shi a ƙananan robobi babu suna babu komai, suna rantsuwa cewa daga Dubai aka kawo, ba ki san me ke ciki ba, su ma sau da yawa ba su sani ba. In mai kanti ya ce miki wallahi babu giya a teriyakinsa, ki karɓi kwalbar ki karanta da idonki, yawancinsu ba su taɓa juya bayanta ba. Zuma ma haka, narkakken sukari ya cika gari. Wajen mahauci kuwa ki tsaya a kansa har ya ɗaure ledar, don akwai masu ɗora tsoka mai kyau a sama su cusa jijiya da kitse a ƙasa.

In kina son ki ƙara rage wa kanki aiki, ranar Lahadi ki haɗa miyar ninki uku ba tare da konfulawa ba, ki tafasa ta sau ɗaya, ta huce, ki zuba a kwalbar gilashi mai murfi. Tana yin mako a firij. Naman ma ki fere ki ƙulla rabin kilo rabin kilo a firiza. Kuma ki sani ba kowane namijin Bahaushe ne ke son zaƙi a nama ba. In angon naki yana cikinsu, ranar farko ki cire zumar gaba ɗaya, ki yanka attaruhu 2 ki jefa tare da albasar, ki ajiye masa yajin tsire a gefen faranti.