Wasiƙa daga Bronx: Katunan 'yan besbol da aikin kwali a Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da yaran shago. A gaishe mini da Hajiya, a ce mata ina nan lafiya, sanyi ne kawai ya fara sauka.

Ka tambaye ni a waya ko waɗanne irin ƙananan katuna ne nake ta turo maka hotonsu, har kana cewa ko na koma sana'armu ne ban faɗa maka ba. Ban koma ba, har yanzu tuƙi nake yi. Sai dai hannun da ya shekara bakwai a madaba'arka ba ya ganin kwali ya wuce bai shafa ba. Bari in yi maka bayani a tsanake, don a cikin zancen akwai abin da ya shafi shago.

Besbol wasa ne na sanda da ƙwallo, kuma daga ɗakina zuwa filin ƙungiyar Yankees da ke titi na 161, a nan Bronx cikin birnin New York, tafiyar ƙafa ce. Tun wajen shekarun 1880 kamfanonin taba sigari suka fara saka ɗan kati mai hoton ɗan wasa a cikin kwalin taba, don ya riƙe kwalin kada ya lanƙwashe, ya kuma ja hankalin mai saye. Daga baya masu cingam suka karɓe harkar. Kamfanin Goudey na Boston ya fitar da nasa a 1933, Topps na Brooklyn ya fitar da babban jerinsa mai kati 407 a 1952. A gaba hoton mutum ne da sunansa da ƙungiyarsa, a baya kuma garinsu da shekarar haihuwa da lissafin abin da ya yi a fili. Abin da yara ke saya da kuɗin alewa ke nan, amma a watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin ɗan wasa Mickey Mantle na wancan jeri na 1952 a kan dala miliyan 12.6. A watan dai aka sayar da na Honus Wagner, wanda kamfanin taba ya buga tsakanin 1909 da 1911, a kan dala miliyan 7.25. Kwali ne fa, Yaya, bai cika tafin hannu ba.

Ni ba wannan ɓangaren nake ba. Akwai mutanen da sha'awarsu ita ce su zauna su tsara katin da kamfani bai taɓa bugawa ba, su yi masa kama da aikin wata tsohuwar shekara. Wani dattijo maƙwabcina, mutumin Fotoriko, shi ya sa ni a hanya. Wata rana na taya shi hawa da kaya bene, ya fito mini da kundinsa, sai na tsaya ina duba bugun maimakon hoton. Ya lura, ya tambaye ni aikina a gida. Da na faɗa masa, sai ya buɗe mini wani shafi da ya bari babu komai, ya ce wurin Josh Gibson ne.

Gibson baƙar fata ne, kuma masana wasan suna sa shi cikin waɗanda suka fi kowa iya dukan ƙwallo. A zamaninsa ba a barin baƙaƙen fata su shiga manyan ƙungiyoyin Turawa, don haka suna da gasarsu daban, ya buga wa Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords. Ya rasu a Janairun 1947 yana ɗan shekara 35, wata uku kafin Jackie Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers ya karya wannan shinge. Goudey sun buga wa shahararren ɗan wasa Bature Babe Ruth kati har huɗu a jerin 1933, Gibson ko ɗaya. Sai a 2020 hukumar babbar gasar ta amince cewa gasannin baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948 su ma manya ne, da aka haɗa lissafinsu a 2024 kuwa sai ga Gibson a saman kowa wajen yawan dacen duka. Wannan labari ya tsaya mini a rai ƙwarai. Katin da na fara yi nasa ne, cikin rigar Crawfords, a salon Goudey na 1933: kusan murabba'i, launin bango guda, jan layi a ƙasa, rubutun baya da koriyar tawada. Da na kai wa dattijon, ya daɗe yana riƙe da shi bai ce komai ba, sannan ya zura shi a wancan gurbin.

To, ga inda nake so ka saurara da kunnen mai madaba'a.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne awo. Tun 1957 Topps suka tsayar da girman kati a inci 2.5 da 3.5, kowa kuma ya bi. Saboda haka duk wani abu da ke kewaye da katin an yi shi a kan wannan awon. Akwai 'yar leda mai laushi da ake fara zura shi, ɗari a ƙunshi, dala ɗaya ko biyu. Akwai gidan roba mai tauri da ake sa shi a ciki bayan ledar. Akwai shafi mai aljihu 9, uku-uku, da ake jerawa a kundi. Akwai akwatin kwali da aka yanka daidai faɗinsa. Kamfanoni daban-daban ne ke yin su, amma duk wanda ka saya zai shiga cif. Ka tuna wahalar da muke sha da katin gayyatar biki, a buga kati sannan a shiga kasuwa neman ambulan da zai ɗauke shi, in ba a samu ba a rage wa katin gefe? A nan ambulan ɗin ne ke jiran katin.

Na biyu, kwali. A gida mai sayarwa zai ce maka ga giram 250, ga 300, mai sheƙi ko marar sheƙi, magana ta ƙare. A nan har kauri suke aunawa, maki ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na inci, kuma za ka iya sayen falle 25 kawai na irin wanda kake so a kawo maka har ƙofa. Wannan ya fi komai amfani gare ni, don sirrin tsohon kati yana bayansa. Ba fari ba ne, ruwan toka ne ko ruwan ƙasa, mai ɗan kaushi, irin kwalin da muke sa wa bayan jota da littafin rasit. Abin da muke ɗauka mafi arha a shago, shi masu wannan harka ke nema da kuɗinsu. Ina buga gaban a farar takarda marar sheƙi, in buga bayan a wannan kwalin, in fesa gam in haɗa su, in danne da littattafai su kwana, da safe in yanka.

Wani abu kuma, wanda na san zai tsaya maka. Bugun da, idan ka sa masa gilashin ƙara girma, ɗige-ɗige ne na launi huɗu, kuma sau da yawa filet ɗin ja ko na shuɗi yakan ɗan goce, sai ka ga inuwa a gefen fuska. Laifin da ka fi yi mana faɗa a kansa ke nan, ka sa a zubar da aiki a sake. Ni yanzu da gangan nake gotar da jan, kamar kaurin gashi, don in bugun ya fito tsaf babu wanda zai ji ƙamshin da a jikinsa. Kuma sai wanda ya san yadda ake daidaita filet ne zai san iyakar gocewar da ido zai yarda da ita. Yawancin masu yi a nan a kwamfuta suka koya, ba su taɓa tsayawa gaban inji ba, shi ya sa nasu yakan wuce gona da iri. Wannan ilimi daga wurinka na same shi, Allah ya saka da alheri.

Kowace shekara kuma da halinta. Katunan Topps na 1962 da na 1987 gefensu kamar katako. Na 1975 launi biyu ne masu haske, sama daban ƙasa daban. Na 1971 baƙin gefe gare shi, kuma shi ne ke tona asirin wuƙa, in ba ta da kaifi sai farin takarda ya fito a baki.

A wajen yanka da bugu ne na ga inda muka fi su, kuma ba don in faranta maka nake faɗa ba. Na je wani shagon buga takardu a nan da aikina. Yarinyar da ke wurin ta karɓe ni da mutunci, injinsu sabo, wuta ba ta ɗaukewa, amma abin da ke cikin jerin farashinsu shi kaɗai suke yi. Na ce a sa mini kwalina da na zo da shi a inji, ta ce ba a yarda ba. Na ce a yanka mini a kan layin da na sa, ta ce kowane saran wuƙa da kuɗinsa, kuma ba su ɗaukar alhakin ɗan gocewa. A Fagge da mai injin yanka zai karɓa, ya buga gefen a tebur, ya daidaita da ido, ya sauke wuƙa, kati 200 su fito kamar ƙwai, in da gyara ya gyara kana tsaye. Aikin hannu a nan tsada gare shi, kuma wanda ke bayan kanta ba shi da ikon ya saɓa wa tsarin da aka ba shi. Dole na sayi ƙaramin injin bugu da wuƙar yanka ta tebur na koma yi a ɗaki. Injin ba shi da tsada, tawadarsa ce ke cin kuɗi, kuma ba kamar gida ba ne da za ka tura yaro a ɗura maka.

Gidan waya kuwa sai godiya. Kati ɗaya a gidan robarsa, a ambulan, da kan sarkin da bai kai dala ɗaya ba in bai yi kauri ba, zai je kowace jiha cikin 'yan kwanaki. Da haka muke musaya da mutanen da ban taɓa gani ba.

Amma abin da ya fi girgiza ni ba kaya ba ne, ajiya ce. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokinsu a Washington yana da tsofaffin katuna kimanin 2,100 na shekarun 1887 zuwa 1914, an ɗauki hotonsu gaba da baya an sa a intanet, kowa ya duba kyauta. A gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke Manhattan akwai tarin wani mutum mai suna Jefferson Burdick, katunan besbol wajen 30,000. Shi ne ya zauna ya rarraba su ya sa musu lambobi, har yau da lambarsa ta T206 ake kiran jerin da katin Wagner yake ciki. Mazaunin jihar nan ta New York abin da ya ga dama yake biya a ƙofa. Na je ranar hutuna na tsaya gaban waɗanda suka fitar, ina kallon yadda aka jera launi a bugun dutse na fiye da shekara ɗari. In kana son sanin abin da wani ɗan wasa ya yi a 1933, an rubuta, yana nan. Shi ya sa bayan kati ba ya ba ni wahala.

Akwai ƙa'ida kuma. Tambarin ƙungiya da hoton ɗan wasa da sunan kamfani duk da masu su, Topps ɗin ma kamfanin Fanatics ya saye shi a 2022. Ka yi don kanka ka ajiye, ko ka ba aboki, wannan daban, ka buga da yawa ka kasa a kasuwa kuma daban. Ni ba na sayarwa, kuma kowane kati ina rubuta shekarar da na yi shi a baya ƙarara. Wasu suna jiƙa nasu da ruwan shayi, su goge kusurwa don ya yi kamar ya tsufa. Ba na yi, ban kuma yarda da shi ba. Inda ake sayen kwali da miliyoyi, katin da aka tsufar da gangan wata rana zai faɗa hannun wanda zai cuci wani da shi.

Yanzu ga buƙatata. Tun da na yi na Gibson nake tunanin Baba, Allah ya jiƙansa, da yadda yake ba mu labarin Raccah Rovers, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano, da suka ci gasar ƙasa a 1978, yana kiran sunayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya. Na zauna zan tsara musu kati irin na shekarun 1970, sai na ga ba ni da hoto mai kyau ko guda, ba ni kuma da abin rubutawa a baya. Mun buga kalandar biki da fostar siyasa ba adadi, amma ban tuna mun ajiye ko kwafi ɗaya a shago ba.

Don Allah ka duba akwatin ƙarfen Baba, ina jin akwai tsofaffin hotuna da yankan jarida a ƙasa. Ka kuma tambayi tsofaffin masu hoto na unguwa ko wani ya ajiye fim ɗinsa na wancan lokaci. Duk abin da aka samu kada a ɗauka da waya, a sa a na'urar ɗaukar hoton takarda, a ɗaga ƙarfinta zuwa 600, kada kuma yaran su gyara komai a CorelDraw, ko tabo ne a bar mini shi. In an san sunan mutum da unguwarsu da lambar da yake bugawa, a rubuta. In yana raye ko iyalinsa na kusa, a nemi izininsu, a faɗa musu ba na sayarwa ba ne, kuma kwafin farko nasu ne.

Na ba wani ɗan'uwa da zai taho ƙarshen wata saƙo: kati 12 cikin gidajensu, shafi biyu masu aljihu, da falle biyar na kwalin bayan. Ka gwada kwalin da wanda muke sa wa jota ka faɗa mini wanne ya fi shan tawada. In namu ya yi, ni zan riƙa tsarawa daga nan, bugu da yanka kuma a yi su a wurinka.

Ƙaninka, daga Bronx.