Labulen net ko zebura: wanne ya fi sauƙin kuɗi?

Hajiya, na ga tambayarki: za ku tare a sabon gida mai taga biyar, uku a falo biyu a ɗakin kwana, kina son labule shara-shara mai shigo da haske, kuma kin rasa zaɓi tsakanin labulen net na ɗinki da labulen naɗi da masu shago ke kira zebura, mai layi shara-shara da layi mai kauri. Allah ya sanya alheri.

Abin da ke rikita mutane shi ne ba ma'auni ɗaya ake sayar da su ba. Net a yadi ake yankawa, zebura kuwa a murabba'in mita ake lissafa shi. Idan mai shago a Kantin Kwari ya faɗa miki kuɗin yadin net, wani kuma ya faɗa miki kuɗin mitar zebura, nan take za ki ce net ya fi arha nesa ba kusa ba. Kada ki yanke hukunci a nan. Kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin kayan nan, waɗanda akasarinsu daga Chana da Turkiyya ake shigowa da su, bai tsaya wuri ɗaya ba, don haka ga lissafin da za ki ɗora wa farashin ranar da kika shiga kasuwa.

Mu ɗauki taga mai ƙafa 4 faɗi ƙafa 4 tsawo, wato kusan mita 1.2 kowane gefe. Ƙarfen labule zai zarce tagar dama da hagu, ya kai kamar mita 1.6. Net ba ya kyau sai da tattara, sai an ninka faɗin sau biyu da rabi, in ba haka ba zai rataya a miƙe kamar an shanya mayafi. Kin ga mita 4 ke nan, kusan yadi 4 da rabi, idan yadin mai tsawon nan ne da ke isa daga sama har ƙasa ba sai an yi haɗi ba. To ga inda kuɗin ke ɓoye: net shi kaɗai ba ya sutura. Da rana na waje ba ya ganin ciki sosai, amma da an yi magariba an kunna fitila, duk wanda ya gifta zai ga falonki tsaf. Dole ki ƙara labule mai kauri a kansa, wani yadi 3 da rabi. Yadi 8 ke nan a taga ɗaya, 40 a taga biyar, ban da ƙarfe mai layi biyu, zobba, kuɗin tela da na mai kafawa.

Zebura a wannan tagar, idan an ɗan zarce ta ya zama mita 1.4 da 1.5, murabba'in mita 2.1 ne, taga biyar 10.5. Shi ɗaya yake aikin biyun: ki ja sarƙar layukan shara-shara na gaba da na baya su daidaita haske ya shigo, ki ƙara ja masu kaurin su hau kansu ya rufe. Saboda haka idan kuɗin murabba'in mita ɗaya bai kai na yadi 3.8 ba, zebura ya fi sauƙi tun kafin a zo maganar ƙarfe da ɗinki. Ki tambaya ko kafawa na cikin kuɗin, kuma ki sani masu yinsa da yawa suna cajin cikakkiyar mita ko da tagar ba ta kai ba, irin ta banɗaki ko kicin.

Wannan na ranar saye ne. Bayan shekara biyu labari yakan canza, kuma a nan ni na fi karkata ga net. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta barin farin abu. Net ki kwance, ki jiƙa da omo, ki ɗauraye, ki mayar da shi da ɗan danshinsa ya bushe a rataye, ko guga ba ya nema. Zebura ba a cuɗa shi, sai dai a goge da tsumma mai laushi, kuma ƙurar da ta shige layin shara-sharan ba ta fita duka. Idan aka matsa masa ya lanƙwashe, layukan sun daina haɗuwa daidai. Gidan da ke da yara kuwa sarƙar ce farkon abin da ke lalacewa, kuma ba kowane gari ake samun mai gyara ba. Net idan ya yage, telan unguwa ya isa.

Ba ki faɗa ba ko gidan naku ne ko haya, kuma wannan ya fi komai muhimmanci. Zebura a kan awon tagar ake yanka shi, ranar da kuka tashi da wuya ya dace da tagar sabon gida, ga ramukan da aka huda a bango mai gida zai yi magana. Labule kuwa ki naɗe ki tafi da abinki, a rage ko a ƙara.

Da ni ce, in gidan namu ne, zan sa zebura a falo, musamman in da na'urar sanyaya ɗaki kuma tagogin galibi a rufe suke. In fanka ce kuma ana buɗe taga, ki shirya jin ƙarfen ƙasansa na bugun bango duk lokacin da iska ta kaɗa. Ɗakin kwana kuwa net da labule mai kauri, don zebura ko an rufe shi haske na zurarowa ta gefe da tsakanin layuka, kuma ba ya tare zafin bazara kamar labule mai nauyi. In haya ce, net da mai kauri duka biyar ɗin, ko da yadi mai matsakaicin kuɗi ne.

Kafin ki biya ko sisi a zebura, ki sa mai yinsa ya zo ya auna da kansa, don in awon naki ne aka yi kuskure ba za su karɓa ba. Ki kuma ce ya ɗaure sarƙar a bango sama da inda hannun yaro ke kaiwa, saboda tana iya shaƙe ƙaramin yaro.