Fensir ko gawayi: wanne ya fi dacewa da zanen Sarki Ado Bayero?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana son zana marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Allah Ya jiƙansa, a takardar A3, amma ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin fensir da gawayin zane.

Malam, fara duban hoton da za ka kwaikwaya. A yawancin hotunan Sarki na fada, rawani ya rufe kai, amawali ya rufe haɓa, wani lokaci har baki, sai idanu da hanci da kumatu suka rage. Kamannin duka a wannan ɗan wurin suke. Mutumin da ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014 kuwa, babu Bakanon da bai san kallonsa ba. Ido ɗaya ya goce da milimita biyu, za a ce maka ba shi ba ne.

A nan fensir ya yi wa gawayi nisa. Ana fere shi ya yi tsini, tsinin kuma ya jima. Ka shata idanu da 2H (fensir mai lambar H tauri ne da shi, bai cika baƙi ba, mai B taushi ne da baƙi, HB yana tsakiya, kuma ƙaruwar lambar ƙaruwar taurin ko baƙin ce) ba tare da dannawa ba, ka auna tazarar da ke tsakaninsu (kusan faɗin ido ɗaya ce), sannan ka shiga ƙwayar ido da 2B da 4B, ka bar ɗigon haske fari tun farko. Bakin gawayi yana dakushewa bayan layi kaɗan, garinsa kuma yana watsuwa cikin farin ido.

Wajen duhun fata kuma gawayi ne gwani, domin baƙinsa ba ya sheƙi. Fensir idan aka danne 8B da ƙarfi, yakan daddale takardar, wurin ya riƙa walƙiya kamar gindin tukunyar alminiyam, musamman in an ɗauki hoto da waya. Maganinsa haƙuri: shimfiɗa HB, murje da tishu, ɗora 2B, sake murjewa, sannan 4B, a ajiye 6B don ƙarƙashin gira da ramin hanci. Kada ka murje da yatsa, maiƙon hannu yana barin tabon da ba ya fita.

Rawani shi ne inda masu gawayi suke kuka. Farin rawani farin takardar ne da kanta, inuwar ninkin kawai ake zanawa, da 2H da HB, ana bin yadda naɗin ya zagaya har zuwa kunnuwa biyun nan na sama. Garin gawayi in ya sauka a wurin, kilina sai dai ta mayar da shi toka-toka. Sa farar takarda ƙarƙashin hannunka, kuma ka ɗan duhunta bayan kai don rawanin ya fito. Aikin zaren alkyabba ma na fensir ne. Kada ka ce sai ka zana kowane zare, na kusa da wuya ya isa.

Takarda ma ta bambanta: fensir yana son mai santsi da kauri, mai nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita zuwa sama, gawayi kuma mai ɗan kaushi da za ta riƙe garinsa.

Shawararmu, yi aikin da fensir. In kana son baƙi wuluk a ƙwayar ido ko bayan hoton, sa fensirin gawayi a wurin tun kafin fensir ya taɓa shi, domin gawayi ba ya kama saman fensir, zamewa yake yi. In ka samu fensirin nan mai suna Staedtler Mars Lumograph Black, ya rage maka wannan wahalar, sheƙinsa kaɗan ne. Da ka gama, fesa maganin riƙe zane sau biyu sama-sama daga nisan santimita 30. Na gyaran gashi da wasu ke fesawa yana sa takarda ta yi rawaya bayan wani lokaci, farin rawanin kuma shi zai fara nunawa.