Hattara da mai tallan Royal Enfield "ƙirar Ingila"

Salam jama'a, don Allah masu sha'awar manyan babura ku karanta wannan kafin ku tura wa wani ko sisi.

Akwai wani da ke yawo da hotunan mashin Royal Enfield a guruf-guruf na WhatsApp, irin mai zubin da ɗin nan, tanki kamar ƙwai, fitila zagayayya, ga jakunkunan fata a gefe na masu tafiya mai nisa. Wai ƙirar Ingila ne na 1985, wai wani Bature ne ya bari a Legas za a yi gwanjonsa, a tura kafin alƙalami dubu 300 sai a ɗoro shi a mota. Ƙanina saura ƙiris ya tura wallahi, har ya buɗe af ɗin banki, Allah Ya sa ya fara turo min hoton.

Ni kuma shekarar ce ta fara tsaya min a rai. Eh asalin kamfanin na Ingila ne, a garin Redditch, kuma tun 1901 suka fitar da babur ɗinsu na farko, amma fa a 1955 aka kafa reshe a Madras ta Indiya (Chennai a yanzu) ana haɗa samfurinsu mai suna Bullet 350, sojojin Indiya ma da shi suke sintiri a kan iyaka, su kuwa na Ingilan masana'antar Redditch ta rufe tun 1967, zuwa wajen 1970 an daina ƙera shi a can gaba ɗaya. To wane Bature ne ya tashi ya ƙera na 1985 a Ingila? Duk Enfield na wannan shekarar ɗan Indiya ne, ba wani abin kunya ba ne kuma, kamfanin Eicher na can ne ke riƙe da shi tun 1994.

Da na zuƙo hoton ma sai dariya ta kama ni. Birkin faifai a gaba, ga maɓallin sitata, giya kuma a ƙafar hagu. Tsohon Bullet giyarsa a dama take, birki a hagu, kuma sai ka buga kik ka yi gumi kafin ya tashi. Wannan na hoton wani samfurin ne mai suna Classic, wanda bai fito ba sai 2009.

Na kira mai tallan da kaina na ce malam ɗauko min bidiyo ka nuna lambar shasi da ta inji, da takardun kwastan, ko ka ba ni adireshi in tura makanikena ya gani. Ya ce wai mashin na cikin kwantena ba a buɗewa sai an ga alat. Sunan da ke kan akawun ɗin ma daban da wanda ya faɗa min. Ina ce masa to a Ingila wane gari aka ƙera shi, sai ƙit, ya kashe waya ya yi bulokin ɗina.

Jiya na sake ganin hoton a wani guruf da sabuwar lamba, yanzu kuma wai mashin ɗin yana Kwatano.