Na je Ƙal'ar Salahuddin, ɗan jagora ya so ya raina mini hankali

Da na je Alƙahira duba ƙanena da ke karatu a Azhar, ba abin da na ƙosa in gani kamar Ƙal'a, ganuwar nan da Salahuddin Al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176 a kan tudu, gefen dutsen Muƙaɗɗam. Ƙanena ya ce, "Yaya, mu je mu biyu, na san wurin." Na ƙi, na ce sai mun ɗauki ɗan jagora. Kaicona.

Rijiyar Yusuf ce ta kai ni. Na daɗe ina jin labarinta: cikin dutse aka sassaƙa ta, zurfinta ya kusa mita 90, shanu ne ke juya abin jawo ruwan a hawa biyu, don ko an yi wa sojoji ƙawanya kada ƙishi ya ci su. Ina tambayar ɗan jagoran sai ya dafa ƙirji ya ce ai ita ce rijiyar da 'yan'uwan Annabi Yusuf suka jefa shi. Innalillahi! Bawan Allah, Yusuf ai sunan Salahuddin ne na yanka, kuma mutuminsa Ƙaraƙush ne ya tsaya a kan aikin. Da na faɗa masa, dariya ya yi, wai baƙi sun fi son wancan labarin. Ko hanyar rijiyar bai nuna mana ba.

To amma wurin kansa, ba ni da ta cewa. Kowa na rububin hoto a Masallacin Muhammad Ali, ni kuwa na Sarki Nasir Muhammad ne ya kama ni, ginin 1318, shiru, ga ginshiƙan da aka kwaso daga tsofaffin gine-gine. Daga bakin ganuwa Alƙahira kaf tana ƙarƙashinka. Nan na gane dalilin da ya sa aka yi shekara kusan 700 ana mulkin Masar daga tudun nan. Har na fara hucewa.

Sai ga wani baƙo yana karce sunansa da makulli a jikin bango, ginin da ke cikin tsohuwar Alƙahira da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya tun 1979. Jagoran namu yana kallo, uffan bai ce ba. Muna fita ya miƙo hannu wai bakshish. Ƙanena ne ya ba shi, ni na yi gaba.