Tsadar tikiti da rage hidima: wanne ya fi korar jama'a daga wuraren wasanni?

Malam, ka tambaya ko ƙarin kuɗin shiga da janye hidimomi suna rage masu zuwa manyan wuraren wasanni da lilo. Suna ragewa, amma ya danganta da irin wurin da kuma inda baƙinsa suke fitowa. Kamfanoni biyu na Amurka sun gwada abu kusan ɗaya bayan korona, sakamakon ya sha bamban.

Mu fara da Six Flags. Akasarin baƙinsa mutanen yanki ne, masu zuwa a mota su koma gida da yamma, da yawansu da katin shekara mai araha. A 2022 sabon shugabansa, Selim Bassoul, ya ɗaga farashi, ya soke rangwame da tikitin kyauta, ya kuma janye tsarin abinci na shekara. Manufarsa a samu mutane kaɗan masu kashe kuɗi da yawa. Kowane baƙo kuwa ya ƙara kashewa, amma masu zuwa suka sauko daga miliyan 27.7 a 2021 zuwa miliyan 20.4 a 2022, kuɗin shigar kamfanin gaba ɗaya ma ya ragu. Ba su jima ba suka dawo da tsarin abincin. Dalili a fili yake: wanda tafiyar awa ɗaya ce tsakaninsa da wurin, fasawa ba ta ci masa komai, sai ya kai yara wani wajen.

Disney World da ke Florida kuwa, iyali kan yi watanni suna tanadi, su sayi tikitin jirgi, su kama otal. Ƙarin dala goma a kan tikiti ba ya rusa tafiyar da ta ci dubbai. Shi ya sa tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasannin da ke cikinsa, ya haura dala 100 tun 2015, amma masu zuwa suka kai kusan miliyan 21 a 2019. A 2023 adadin bai kai miliyan 18 ba, sai dai kada a ɗora wa farashi shi kaɗai, domin kamfanin da kansa ya taƙaita shiga ta hanyar tilasta yin rajistar rana tun da wuri. A 2022 ya ce abin da kowane baƙo ke kashewa ya zarce na 2019 da kusan kashi 40 cikin 100. Wato ragin kawuna bai taɓa aljihunsu ba. Abin da tsada ke yi a irin wannan wuri shi ne ta gajarta kwanaki, ta sa mai zuwa duk shekara ya koma zuwa jefi-jefi, ta kuma tura mutane otal na waje.

Rage hidima kuma cinsa a hankali yake, kamar gara. Farashi ana ganinsa kafin a biya, ragin hidima kuwa sai an shiga ake gani, don haka ba ya bayyana a lissafin bana, sai ranar da za a yanke shawarar komowa. A Disney World, FastPass, tsarin tsallake layi da yake kyauta tun 1999, an maye gurbinsa da Genie+ na kuɗi a Oktoban 2021, farawa da dala 15 kowane mutum a yini. Iyali mai mutum biyar na kwana huɗu, dala 300 ke nan a kan abin da a da ba a biya. Bas ɗin da ke ɗauko baƙin otal kyauta daga filin jirgi shi ma an daina a farkon 2022. A ganina wannan ya fi ƙarin tikiti zafi, don mutum ya fi jin haushin biyan abin da ya saba samu kyauta. Alamar cewa koken ya isa sama: a Janairun 2023 aka soke kuɗin ajiye mota a otal-otal ɗin Disney World, a Maris kuma Bob Iger, shugaban Disney a lokacin, ya amsa cewa sun ɗan zarce a wasu farashin.

Kada kuma tsawon layi ya ruɗe ka ka ce wuri ya cika. A ɗauka lilo yana ɗaukar mutum 1,200 a awa da taragu uku. In an ajiye ɗaya don rage ma'aikata, ya koma 800, layin mutum 600 da ke ƙarewa a minti 30 sai ya ci 45, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba. Rufe wasan nuni ko rage awannin buɗewa ma haka yake yi, don jama'ar da take bazuwa sai ta tattaru a lilo kaɗan.

In kana son gane halin da wuri yake ciki, duba rangwame: tikitin yara rabin kuɗi a lokacin hutu, ragin kuɗin otal, tikiti na musamman ga mazauna jiha. Wurin da yake cika ba ya yin su da yawa.