Sharhi kan horon shafen tukwane: kunun yumɓu daban, gilez daban

Tun da na fara ajiye kofuna da farantan da na yi da hannuna a shago, masu saye da abokan sana'a suke tambayata ko horon da na biya kuɗi na yi ya ci kuɗinsa. Amsata ita ce ya ci, amma ba kowa zai amfana da shi ba, kuma akwai wuraren da na fito raina bai kwanta ba. Wata ƙaramar masana'antar tangaran ce a bayan garin Kaduna ta shirya shi, kan abu guda kawai: abin da ake shafa wa tukunya kafin ta shiga wuta. Sana'ata sayar da tukwanen fure da kayan adon ƙasa ce, daga hannun magina nake saro su, kuma kullum sai an sami mai cewa, "Hajiya, babu mai sheƙi irin na waje?" Wannan tambayar ce ta kai ni.

Abin da ya fi burge ni da malamin shi ne bai fara da allo da alli ba. Bokiti biyu ya ajiye a gabanmu, kowanne da farin ruwa mai kauri, ya ce mu sa yatsa. A ido kusan iri ɗaya suke. Sai ya nuna na farko ya ce wannan ƙasa ce, ƙasa za ta shiga wuta, ƙasa za ta fito. Ya nuna na biyu ya ce wannan garin duwatsu ne da toka, gari zai shiga, gilashi zai fito. Duk abin da muka koya daga baya a kan wannan maganar ya ginu. Na farkon shi ne kunun yumɓu, a wurin silif suke ce masa. Na biyun shi ne gilez.

Kunun yumɓu ba wani baƙon abu ba ne. Yumɓu ne ake jiƙawa, a dama, a tace da rariya mai laushi har tsakuwa da yashi su fita. In ana son fari sai a yi da farar ƙasar nan ta kawolin, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi. In ana son ja sai a yi da jar ƙasa, wadda tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ke ba ta launin. Tunda shi ma yumɓu ne, halinsa halin tukunyar ne: yana ƙanƙancewa idan yana bushewa, ya ƙara ƙanƙancewa a wuta. Shi ya sa lokacin shafa shi yake da muhimmanci. Ana so tukunya ta sha iska ta yi tauri, amma da sauran danshi a jikinta, yadda farce zai iya karce ta ba tare da ta lotsa ba. A wannan lokacin su biyun za su bushe tare, su motsa tare, su zama jiki ɗaya. Wanda ya shafa wa busasshiyar tukunya kunu mai kauri, ko wadda aka riga aka gasa, zai ga ya tsattsage yana ɓarewa, domin shi yana janyewa ita kuwa ta gama nata janyewar. Malamin ya nuna mana wannan a kan ɓallin tukwane guda uku, ɗanye da busasshe da gasasshe, kuma ban ga wata hanyar koyarwa da ta fi wannan shiga kai ba.

A nan ne horon ya fi daɗi, don a nan ne na gane cewa abin da ake koya mana da sabon suna tsohon ilimin gida ne. Jar ƙasar da magina ke shafa wa tulu kafin su goge shi da sulɓaɓɓen dutse ko da carbin 'ya'yan kuka har ya yi sheƙi, kunun yumɓu ce. Zanen fari da ja da ke jikin tulunan Mirriya ta kusa da Damagaram, shi ma da launukan ƙasa ake yin sa. Sheƙin da guga ke kawowa ba gilashi ba ne, ƙwayoyin yumɓun ne aka danne suka kwanta gefe guda, shi ya sa tulun yake walƙiya amma bai daina tsatsafar da ruwa ba. Wata dattijuwa maginiya da muka yi horon tare da ita ta tambayi makuba fa, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta. Malamin ya ce mata, "Inna, wannan ba kunu ba ce ba kuma gilez ba, ruwan itace ne da ke ƙonewa a fatar tukunya ya yi duhu, ya rage mata shan ruwa." Na ji daɗin yadda ya ba ta amsa da girmamawa, har ya roƙe ta ta nuna mana yadda take riƙe dutsen guga. Hannunta ya fi na kowa a ɗakin, har da nasa.

Da kunun aka koya mana ado iri-iri: tsoma tukunya gaba ɗaya, zuba shi daga cikin roba mai tsinin baki, shafawa da burushi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne karce, inda ake rufe jar tukunya da farin kunu, a bar shi ya ɗan sha iska, sannan a zana da tsinke har jan da ke ƙasa ya bayyana. Akwai kuma kishiyarsa, a fara tsaga zanen a jikin tukunya, a cika tsagar da farin kunu, a kankare abin da ya yi saura. Duk wanda ya taɓa juya takardar naira 20 ya ga Ladi Kwali zaune gaban tukunyarta ya ga gwanar wannan aiki. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila, shi ya kafa cibiyar a farkon shekarun 1950. Manyan tulunanta da hannu take gina su irin na Gwari, ta tsaga musu zanen ƙadangare da kada da kifi da kunama, a cika tsagar da farin kunu, sannan a rufe da gilez mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa a gasa da wuta mai tsanani. A tulu ɗaya za ka ga aikin kowanne: kunu ya riƙe zanen yadda hannu ya yi shi, gilez ya lulluɓe.

Gilez kuwa wata duniya ce. Abubuwa uku ke haɗa shi. Akwai silika, ma'adinin da ke cikin farin yashi, shi ne ke zama gilashin, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyos, kuma kafin a kai nan tukunyar kanta ta lalace. Don haka ake haɗa shi da abin da zai sa ya narke da wuri, kamar dutsen feldsifa, da farar ƙasar da ake yin siminti da ita, da tokar itace. Na uku ɗan yumɓu ne da ke ba shi danƙo don kada ya kwarare ƙasa idan ya narke. Ana fara gasa tukunya sau ɗaya a wajen digiri 900 zuwa 1,000, ta fito da tauri amma tana shan ruwa. Idan aka tsoma ta cikin gilez sai ta zuƙe ruwan, garin ya manne a jikinta. Sannan a mayar da ita tanderu karo na biyu, wanda a wannan masana'antar ake kai shi wajen digiri 1,250. Dole a goge gindin kowane kofi tas kafin ya shiga, in ba haka ba gilashin zai liƙe shi da faifan tanderu, sai dai a fasa.

Bambancin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne na launi. Kunun yumɓu ba ya ɓoye komai, abin da ka shafa kusan shi za ka gani, kuma layin da ka ja yana nan inda ka ja shi. Gilez ɗanye ba ya gaya maka komai. Bokitin da yake toka-toka zai iya fitowa shuɗi idan da ma'adinin kobal a ciki. Jan ƙarfe kan ba da kore idan wuta ta sami iska sosai, ya ba da ja idan aka toshe iskar har hayaƙi ya cika tanderun. Tsatsar ƙarfe kaɗan kan ba da wani kore mai sanyi a wutar hayaƙi, mai yawa ta ba da ruwan ƙasa mai duhu har zuwa baƙi. Ga shi kuma yana gudu idan ya narke, ya taru a kwari ya yi siriri a tudu. Malamin ya kuma yi mana bayanin tsatstsagewar nan mai kamar yanar gizo-gizo da ake gani a wasu kwanukan tangaran: gilez ɗin ne ya fi jikin kwanon janyewa wajen hucewa. Wasu na son ta don ado, amma a kwanon abinci miya da mai na shiga tsagar.

Abu mafi amfani da na fito da shi, wanda nake maimaita wa masu saye kusan kullum, shi ne kada a sa wa randa gilez. Sanyin ruwan randa daga ƙananan ƙofofin da ke jikin ƙasar yake zuwa. Ruwa na tsatsafowa waje, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi. Kunun yumɓu ba ya toshe waɗannan ƙofofin. Gilez yana toshe su ƙurmus, aikinsa ke nan. Har tulunan Ladi Kwali da aka sa wa gilez sun yi nauyi, sun daina sanyaya ruwa, sun koma kayan kallo da ake ajiyewa a gidajen tarihi. Ba aibi ba ne, wani abu ne daban suka zama. Haka tukunyar fure, shuka ta fi jin daɗin wadda jikinta ke numfashi. Kofin shayi da kwanon miya kuwa su ne gilez ya dace da su, don a wanke su su fita tas.

Yanzu ga inda ban gamsu ba, kuma na gaya wa masu horon baki da baki.

Na farko kuma mafi girma shi ne maganar dalma. An taɓa ta a gurguje, a cikin hira, alhali ita ta cancanci zama na musamman. Dalma tana sa gilez ya narke a wuta mai sauƙi ya yi sheƙi mai kyau, shi ya sa mai ƙaramin tanderu zai iya kwaɗayinta. Amma abinci mai tsami, irin kunun tsamiya da miyar tumatir da ruwan lemun tsami, yana iya jawo ta daga jikin kwano ta shiga cikin mai ci. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, bai kamata a koya mana haɗa gilez ba tare da an ja mana kunne sosai ba. Gilez ɗin da muka yi aiki da shi na feldsifa da toka ne, babu dalma, na yarda da wannan. Amma ɗalibi zai fita ya je kasuwa ya sayi gari a leda ba suna ba bayani, ya shafa wa kwanon da yaro zai ci tuwo a ciki. Haka ƙurar silika, tana illata huhu idan aka daɗe ana shaƙa, amma takunkumin fuska bai wadatar ba ranar da muka tankaɗe garin.

Na biyu, ba a ba mu ma'aunin haɗin a rubuce ba. Kowa ya yi ta kwafa daga baki, wasu suka rubuta daban da na wasu. Na uku, gashi na biyu bai fito ba sai bayan an rufe horon, don haka ba mu sami zama da malamin ya duba kayan kowa ya ce ga dalilin da wannan ya kwarare, ga dalilin da wancan ya tattare ya bar fili ba. Wannan zaman shi ne rabin karatun gilez, kuma shi aka rasa. Ɗalibai ma sun yi wa wurin yawa, ana jiran layi a bakin bokiti.

Ga maginiya ko magini da ke toya tukwane a fili da kara da ciyawa, shawarata ita ce a je don ɓangaren kunun yumɓu kawai, in za su yarda a biya kuɗin wannan ɓangaren shi kaɗai. Wutar matoya ba ta cika wuce digiri 900 ba, ga toka da ƙasa na taɓa jikin tukunya, don haka gilez irin wanda aka koya mana ba zai narke a cikinta ba, gari zai shiga gari zai fito. Amma farin kunu da karce da cike tsaga duk za su yi a matoya, ba sa bukatar sayen komai daga waje, kuma na ga yadda suke ɗaga farashin tukunyar fure a shagona. Wanda kuma yake son gilez, kafin ya biya ko kwabo ya tambaye su abu uku: za su ba shi hayar gurbi a tanderunsu bayan horo, nawa ne kuɗin kowane gashi, kuma za a zauna a duba kayan tare da malami bayan sun fito? Ni hayar gurbin nake yi yanzu, kuma kuɗin gas ɗin ya sa kofi ɗaya mai gilez sai na sayar da shi ninkin na kunu zalla kafin na fita.